Ɗumin Kushewar Mama

Waitahuri,
6 ga Yuli.

Zuwa ga yayata Mereana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki? Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai sanyi, wanda bana ya shigo da ƙarfinsa. Inna Ripeka, ƙanwar Mama, tana gaishe ki, ta ce in tuna miki da mayafin da za a lulluɓe dutsen kushewar Mama da shi, kada sai kin baro birnin Perth ki tuna.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Dalilin shi ne a waya kikan katse ni kafin in kai ƙarshen jimla, maganar da nake tafe da ita kuwa tana bukatar a bi ta daki-daki.

Shirin bikin yaye mayafi daga dutsen kushewar Mama yana nan yadda aka tsara, ran 18 ga Oktoba, shekara guda cif da rasuwarta. Mai sassaƙa ya gama rubutun, na je garin Taupo na duba shi harafi-harafi har sau biyu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan Mayu, wanda na ga bai kamata in ci gaba da ɓoye miki ba.

Wata safiya da ƙanƙara ta kwanta, na shiga maƙabarta cire ciyawa. Ko'ina ya yi fari fat, ban da kushewar Mama da ɗan filin da ke bayanta wajen shinge. Nan ƙasa baƙa ce, jiƙaƙƙiya. Na cire safar hannu na dafa, sai na ji ɗumi kamar na bayan kyanwa. Na daɗe a durƙushe ban san abin da zan yi tunani ba.

Washegari na sayo ƙarfen awon zafi mai tsawon mita ɗaya, irin wanda ake soka wa ƙasa. Cikin ƙasidun da tashar lantarki ta rarraba mana akwai guda da ta koyar da yadda ake lura da ƙasa mai zafi, ita na bi sau da ƙafa. Ta ce a auna a lokaci ɗaya kullum, a zurfi ɗaya, da ƙarfe ɗaya, sannan bayan kowane awo a gwada ƙarfen a wurin da aka san zafinsa ba ya canzawa, don a tabbatar bai fara ƙarya ba. Ni na zaɓi akwatin tururi da ke bayan ɗakin cin abincin marae, dandalin taron danginmu, inda duk gari ke girki da tururin da ke fitowa daga ƙasa, domin tun muna yara zafinsa ɗaya ne. Kullum ƙarfe bakwai nake fita, kuma ina rubuta kome a littafi mai layi huɗu, na huɗun na awon akwatin ne.

Ran 19 ga Mayu gefen Mama ya nuna digiri 17. Yau ya nuna 29. Sauran maƙabartar tana kan 11.

Ga abin da ya rikita ni, Yaya. Kin tuna shekara tara da suka wuce, da ake shawarar a bari a gina tashar a ƙasarmu, ni ne na miƙe a zaure na karanta wa mutane ƙasidun nan. Na bayyana musu yadda za a haƙa rijiyoyi masu zurfin kilomita biyu, a jawo ruwan zafi, a ware tururinsa ya juya farfela, farfela ta haifi wuta, sannan a mayar da ruwan ƙasa ta wasu rijiyoyin. Abin da kowa ke tsoro a lokacin shi ne ƙasarmu ta huce. Kuma ta huce ɗin ta wani gefe: tafkin wankanmu mai ruwan zafi ya sauko daga digiri 41 zuwa 36, ruwansa ya ja baya da kamu guda. Wannan na gane shi, wanda ya ɗebi zafi ya rage zafi. To amma ta yaya ɗiba ɗaya za ta sanyaya tafki ta kuma ɗumama kabari, alhali tsakaninsu taki ɗari uku ne? Na sake karanta ƙasidun goma sha ɗaya, daga bango zuwa bango. Babu wadda ta ce haka za ta iya faruwa, babu kuma wadda ta ce ba za ta faru ba.

Na gaya wa Tamehana, ɗan Inna, tunda shi yana walda a tashar. Kin san bakinsa, Farfesa yake ce mini don tsokana. Ya ce, “Haba Farfesa, ka bar tsohuwa ta ji ɗuminta mana. Shekara nawa tana kukan sanyin ƙafa? Yanzu ta samu na kyauta, kai kuma kana bin ta da ƙarfe.” Na ce masa ba abin dariya ba ne. Ya ce, “Kai a wurinka me ye abin dariya?” Amma na lura bai ƙarasa shayinsa ba, kuma ya yi mini alkawarin haɗa ni da injiniyar da ke kula da rijiyoyi.

Kada ki tayar da hankalinki tukuna. Nawa ya ishe mu duka biyu. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Eruera.

Waitahuri,
27 ga Yuli.

Yaya Mereana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ran Laraba, na ji daɗin jin cewa gwiwar ta yi sauƙi. Kin ce in rage damuwa in riƙa cin abinci. Na biyun ina yi.

Na je tashar ran Alhamis. Shekara da shekaru ina jin kukanta daga ɗakina, ina ganin farin tururinta ta taga, amma ban taɓa wuce ƙofarta ba. Suka ba ni hular kwano da abin toshe kunne. Bututan da a ƙasida suke kamar zare, a zahiri mutum zai iya rarrafe a cikinsu. Injiniyar sunanta Abadilla, 'yar ƙasar Filifin ce, ta shekara goma sha biyu a ƙasar nan. Ta zaunar da ni, ta buɗe littafina, ta duba shi shafi-shafi.

Ga bayaninta, iyakar yadda na riƙe shi. Ruwan da ke can ƙasa ya fi tafasasshen ruwa zafi, nauyin ruwan da ke samansa ne ke danne shi. Idan aka ɗebi ruwa nauyin ya ragu, sai na ƙasan ya samu sarari ya tafasa, tururi ya yawaita, ya bi tsagar duwatsu yana neman mafita. Saboda haka maɓuɓɓuga takan raunana, ƙasa kuma ta yi zafi, duk a lokaci ɗaya. Na ce, “Ashe ke nan tashar ce ta jawo.” Ta ce, “Mai yiwuwa ne, Malam Eruera. Amma ƙasar nan tana sauya wa tururinta hanya tun kafin a ƙera abin haƙa rijiya. Idan na ce maka mu ne, na faɗi abin da ban tabbatar ba. Idan na ce ba mu ba ne, haka nan.” Na ce to a ƙara mayar da ruwa ta gefenmu mana. Ta ce za a iya, kuma zai iya taimakawa, nan da shekara biyar ko goma.

Na fito da amsa biyu ga tambaya ɗaya, ban san wadda zan riƙe ba.

Sai na tambaye ta abin da ya kai ni: me zafi zai yi wa kabari? Ta ce idan ya haura hamsin ko sittin, irin wannan tururi yakan dafa ƙasa ta zama laka mai tsami da ke cin katako, wani lokaci ma wurin ya burma. Yaya, jiya awona ya nuna 36.

Sai dai ta ce hawan ya yi sauri fiye da yadda ta saba gani, kuma ƙarfen kanti irin nawa yakan lalace ya riƙa ƙara lamba. Mutanensu za su iya kafa nasu ma'aunin, amma sai dattawa sun ba da izinin shiga maƙabarta, sannan a jira wata uku ana tattara awo. Ta tambayi inda nake gwada ƙarfen, na ce akwatin tururin girki. Fuskarta ta washe. Ta ce ai su ma suna auna akwatin nan kowane wata da nasu kayan, za ta zo da lambobinsu taron dangi na ran 23 ga Agusta, a jera da nawa a gaban kowa. Idan sun yi daidai, ƙarfena mai gaskiya ne, kuma abin da ya faɗa a kan kushewar Mama gaskiya ne. Na dawo gida ina jin cewa bin ƙa'ida ya yi mini rana.

Da yamma na je na sami Inna Ripeka tana fere kabewa, na gaya mata duka, har da cewa mai yiwuwa sai an tashi Mama an mayar da ita saman tudu. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yayata ta zaɓi wurin nan da bakinta, don daga nan ake hango kogi. Ba lambobi ne za su tashe ta ba.” Na ce, “Inna, ai ba ni na faɗa ba, awo ne.” Sai ta ajiye wuƙar ta dube ni. “Kai ka karanto mana takardu muka yarda aka huda ƙasa. Yanzu kuma za ka karanto mana wasu mu tone 'yar'uwata? Eruera, wai kai ba ka gajiya da karatu ne?” Na taya ta kwashe ɓawon kabewar na tafi.

Ta ce dai za ta zo taron, kuma idan matar nan ta tabbatar da lambobin da bakinta, za ta saurara. Kin san ba a motsa kome a maƙabartar nan sai da yardar Inna.

Ki yi mana addu'a. Ina gaida maigida.

Ƙanenki,
Eruera.

Waitahuri,
10 ga Agusta.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ki gafarta mini taƙaita gaisuwa.

Yau bayan coci muka taru cin abinci a ɗakin marae kamar kullum. Tamehana ya shigo a makare, ya cire hularsa ya ɗora a kan tebur kusa da kwanon burodi. Inna ta kai masa duka da tsumma. “Kai, marar kunya! Abin da ya taɓa kanka ne za ka ɗora inda mutane ke ci? A daji na haife ka?” Ya ce, “Haba Mama, hula ce fa, ba gawa na ɗora ba.” Ta ce, “Rufe mini baki! Da gawa ce ai da tuni an ƙone teburin, kai ma an haɗa da kai.” Kowa ya yi dariya.

Ni kuwa kumara ce a bakina, dankalin nan namu mai zaƙi, wadda aka ciro daga akwatin tururi minti goma kafin nan. Na kasa haɗiye ta, na kasa tofar da ita.

Yaya, kin riga kin gane, na tabbata. Mai yiwuwa ma kin gane tun daga takardata ta farko kika ɗauka ba haka nake nufi ba. Kowace safiya nakan soka ƙarfen nan mita guda a gefen kushewar Mama. In zare shi, in share shi da tsumma, in fito, in tsaya a ƙofar maƙabarta in wanke hannuna in yayyafa wa kaina ruwa, kamar yadda aka koya mana tun kafin mu iya ɗaure takalmi. Sannan in wuce kai tsaye bayan ɗakin cin abinci, in ɗaga buhun da ke rufe da murfi, in zura ƙarfen nan cikin akwatin, tsakanin kwandunan abincin mutane. Na ƙirga a littafi: safiya tamanin da huɗu. Hannuna na wanke sau tamanin da huɗu. Ƙarfen kuwa ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa shi ma ya je wurin matattu ba. A idona ba kaya ba ne, lamba ce kawai mai mariƙi.

Ni da ba na zama a kan tebur, ba na haɗa tawul ɗin wanka da tsumman kwanuka a wanki ɗaya, ni ne na kai tapu na maƙabarta, haramcin nan da ke kan duk abin da ya taɓa matattu, cikin tukunyar gari duka. Kowa ya ci. Masu jego sun ci, Fasto Hemi ya ci. Inna ta ci abin da ya taɓa ƙasar kabarin yayarta, wata uku tana ci.

Da na dawo gida na sake buɗe ƙasidar, wai ko akwai inda ta yi gargaɗi na tsallake. Babu. Cewa ta yi ƙarfe ɗaya, kuma ƙarfe ɗaya na yi amfani da shi. Na yi daidai daga farko har ƙarshe, kuma abin da na yi shi ne mafi muni da wani ya taɓa yi a garin nan a iya sanina. Na kasa sa waɗannan biyun su zauna wuri ɗaya a kaina.

Yanzu ga inda na tsaya. Injiniya Abadilla ba ta san akwai laifi a ciki ba, ita murna ma ta yi. Ran taro za ta miƙe ta ce ƙarfen da ya shiga kabari shi ne ya shiga akwati, domin wannan ita ce hujjar gaba ɗaya. Zan iya zuwa gobe in roƙe ta ta yi shiru, in ce na janye littafin. Idan na yi haka ba wanda zai sani, zan ci gaba da zama Eruera mai tsantseni. Amma lambobina za su zama marasa shaida, Inna ba za ta yarda ba, a tsaya jiran awon tasha har Nuwamba ko Disamba. Yau da safe Mama tana kan 41.

Na rubuta wa injiniyar takardar janyewa, na karanta, na gyara waƙafi biyu, na sa a ambulan. Tana nan a kan tebur. Ban san ko zan kai ba. Amsarki ba za ta iso kafin in yanke ba, kuma kada ki bugo, ba zan iya faɗin wannan da baki sau biyu ba.

Abu ɗaya na yanke: daga gobe ƙarfen ba zai ƙara kusantar akwatin ba. Layi na huɗu a littafina zai zauna babu kome.

Ƙanenki,
Eruera.

Waitahuri,
24 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Mereana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata sanyin wajenku ya fara ja da baya. Na ga kiranki sau shida, ki yi haƙuri.

Ban kai takardar ba. Sau biyu ina isa ƙofar tasha da ita a aljihu, in tsaya ina kallon tururi, in juyo.

An yi taron jiya. Mutum arba'in da uku, na ƙirga takalman da ke bakin zaure. Da Fasto Hemi ya gama addu'a, kafin injiniya ta buɗe jakarta, na miƙe. Na ga bai dace baƙuwa ta faɗi abin kunyata ba tare da ta san abin da take faɗi ba. Na shirya jawabi mai sakin layi biyar, amma abin da ya fito jimla uku ne: inda ƙarfen ya shiga, inda ya sake shiga, da sau nawa.

Wata daga cikin masu jego ta tashi ta fita da gudu. Tamehana ne ya fara magana, kuma ba da muryar wasa ba. Ya ce, “Tsaya, Farfesa. Wato wata uku ina cin kumara da ƙasar kabarin mahaifiyarka?” Na ce haka ne. Ya ce, “Kuma kana wanke hannu?” Na ce kullum. Ya dafe kai ya ce, “Wayyo ni. Jakin da ya yi karatu ya fi wanda bai yi ba ɓarna.” Wani ya ce ai a kore ni daga kwamitin marae, wani ya ce kwamiti ne damuwarka, mu da muka ci fa? Injiniya tana ta duban fuskoki, ta kasa gane abin da ya faru, har Fasto ya raɗa mata. Sai ta rufe bakinta da hannu.

Da hayaniya ta lafa, Inna ta juya wajen injiniya, ba wajena ba. Ta ce, “'Yata, bar wannan, namu ne. Ke gaya mini abu ɗaya. Ƙarfen nasa yana ƙarya?” Injiniya ta jera takardunta kusa da littafina. Na Yuni 98 da 98, na Yuli 97 da 97, na farkon Agusta 98 da 98. Ta ce, “Ba ya ƙarya, Inna.” Inna ta ce, “Nawa take kai yanzu?” Aka ce 45. “Ran yaye dutse fa?” Injiniya ta ce idan hawan bai tsaya ba, zai kusa sittin.

Inna ta ce, “A tashe ta.” Ta ƙara da cewa, “A rufe akwati, kada wanda ya ƙara ɗaga murfinsa sai dattawa sun zauna.” Ta miƙe ta fita, ta wuce ta gabana kamar ginshiƙi ta wuce.

Yau an ɗora katako da duwatsu a kan akwatin. Gari duka ya koma girki da murhun lantarki. Inna, wadda ba ta taɓa kunna nata ba tun da kika saya mata, ta ƙona naman rago ɗazu, na jiyo ƙaurin daga gidana, na jiyo ta tana zagin murhun da wanda ya ƙera shi. Na zauna ina tunanin cewa zafin nan dai ɗaya ne, daga ƙarƙashin ƙafarmu ya fito, ya zaga ta farfela ya dawo mana ta waya. Shi ne ya kore mu daga kabari, shi ne kuma yake dafa mana abinci yanzu. Ban san ko in gode wa tashar ko in tsine mata ba, kuma injiniya ta ce ita ma ba za ta iya gaya mini ba.

Na cika takardun neman izinin hukuma na tashin kabari, saura sa hannunki a shafi na uku, ga shi na haɗo. Ba wanda ya gaishe ni a coci yau sai Fasto, shi ma aikinsa ne.

Ƙanenki,
Eruera.

Waitahuri,
14 ga Satumba.

Yayata Mereana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin alheri, ke da maigida da yara, ina sanar da ke cewa an tashi Mama jiya, kuma ta kwanta lafiya.

Izini ya iso ran Talata. Ran Alhamis Tamehana ya leƙo ta tagata, karo na farko da ya yi mini magana tun ranar taro. Ya ce, “Tsohuwata ta ce kana cikin masu haƙa. Ka zo da takalmin roba, ka bar littafi a gida.”

Muka fara da hantsi, mu huɗu, Fasto da jami'in lafiya suna tsaye, Inna tana zaune a kujera wajen shinge. Daga zurfin gwiwa ƙasa ta fara tururi. Daga zurfin ƙugu ta zama laka fara mai santsi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, zafinta yana ratsa takalmi. Muka riƙa karɓa-karɓa minti biyar-biyar. Da muka kai ga akwatin gawar, Tamehana ya taɓa kusurwar ƙafa, katakon ya lotsa a ƙarƙashin yatsansa kamar burodi. Sai da muka zura faifan katako a ƙarƙashi kafin muka iya ɗagawa. Jami'in ya ce da an ƙara wata guda, da ba a ɗaga shi a haɗe ba.

Muka hau da ita saman tudu, mata suna kuka suna kiran sunanta, suna gaya mata inda za a kai ta. Sabon wurin ƙasarsa ja ce, busasshiya, mai sanyi. Ana hango kogi daga can ma, ko da yake sai an ɗan leƙa ta gefen itacen nan. Kafin a cike tsohon ramin Inna ta ce a jefa ƙarfena a ciki, aka jefa. Ranar yaye dutse tana nan ba ta canza ba. Maganar akwatin tururi kuwa dattawa za su zauna ƙarshen wata.

Da aka gama muka gangara kogi mu huɗu muka yi wanka, Fasto ya yi mana addu'a, aka ce mu shiga mu ci abinci. Ina cire takalmi a bakin ƙofa sai Inna ta tare ni. Ta ce, “Su ukun su shiga. Kai hannunka ba zai taɓa abinci ba sai rana ta faɗi.” Fasto ya ce, “Inna, ai an daina wannan tun zamanin kakanki, wanka ya isa.” Ta ce, “Ga wanda ya shiga sau ɗaya ya isa. Wannan ya yi wata uku yana shiga yana fita.”

Na zauna a kan matakala a waje, na sa hannuwana a baya kamar yadda ta umarta. Na ɗauka yunwa ce horon, kuma na yarda na cancanta. Ina jin ƙarar cokula daga ciki. Jim kaɗan sai ga ta ta fito da kwano, ta zauna kusa da ni da ƙyar, tana riƙe da ƙugu. Ta gutsuro kabewa da yatsunta, ta hura, ta ce, “Buɗe.”

Yaya, shekarata hamsin da huɗu. Mutane suna leƙowa ta taga. Na buɗe.

Ta ba ni kabewa, ta ba ni nama, wanda ya ɗan ƙone ta gefe guda. Ta kafa mini kofin shayi a baki, ya zubo mini a riga, ta ce ko jariri ya fi ni iya sha. Da na samu sarari na ce, “Inna, wannan horo ne ko gafara?” Ta goge mini haɓa da bayan hannunta, da ƙarfi, har ya yi zafi. Ta ce, “Tauna.”

Na tauna. Ta zauna tare da ni har kwanon ya ƙare, idonta yana kan tudu. Na kwana na tashi ina juya abin, har yanzu ban san wanne ne ba. Ke kin fi ni sanin ta. Idan kin zo kya gaya mini, ko kuma ki bar ni haka.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki da ke jiran isowarki,
Eruera.